Ƙwayoyin Roba a Buhun Inna

Sufeto bai kai ga kurɓar shayinsa ba Saje ya faɗo ofis yana haki.

"Yallabai, kasuwa ta hargitse! Wai an kama Inna Mai Shinkafa tana sayar da shinkafar roba. Har wasu na cewa a ƙone shagon."

Sufeto ya ture kofin ya miƙe. Shekara ashirin tsohuwar nan tana awo, ko a kan tsakuwa ba a taɓa kawo ƙararta ba.

Suka tarar da ita zaune a kan buhu, hawaye shaɓe-shaɓe, jama'a sun yi mata zobe.

"Ɗana, shinkafar 'yar waje ce, jiya direba ya sauke mini buhu goma," in ji ta. "Ga ma takardar gwajinta. Ni ina na san wata roba?"

"Share hawayenki, Inna. A ba ni ruwa a daro."

Ya ɗebi mudu guda daga buhun da ake rigima a kai ya juye. Shinkafa ta nutse, wasu fararen ƙwayoyi suka taso sama. Jama'a suka ɗau ihu. Ya sa Saje ya farke sauran buhu taran, aka gwada kowanne. Tas suke.

Sufeto ya durƙusa yana duba bakin buhunan. Tara ɗinkin inji ne da farin zare. Na goman da hannu aka ɗinke shi, da shuɗiyar igiyar leda.

Kafin azahar malamar ɗakin gwajin abinci, wadda ya aika wa shinkafar da ƙwayoyin, ta bugo masa waya.

"Sufeto, shinkafar nan lafiyarta ƙalau. Ba fumfuna, ba maganin ƙwari, ba ta kuma tsufa ba. Ni ma a auno mini mudu biyu. Ƙwayoyin kuwa irin waɗanda ake narkawa a masana'anta ne a yi bokiti."

Aka kira direba, Sufeto ya tsare shi da tambayoyi.

"Ka tsaya a hanya jiya?"

"Ko birki ban taka ba, yallabai."

"Daga sito zuwa kasuwa minti ashirin ne. Mai gadin siton ya ce ƙarfe biyu ka fita, Inna ta ce huɗu ka iso. Turo motar ka yi?"

Direba ya sosa ƙeya. "Gaskiya na tsaya cin abinci, sai barci ya sace ni. A bayan shagon Mai Bokiti na bar motar, maƙwabcin Inna. Shi ya ce in tafi, zai kula mini da ita."

Mai Bokiti ya tarbe su da fara'a har kunne, yana kakkaɓe musu kujera.

"Wayyo Inna, baiwar Allah! Abin ya dame ni ƙwarai. Ni tunda nake ban taɓa ganin irin ƙwayoyin nan ba."

"A ina kake saro kayanka?"

"A masana'anta, yallabai. Amma iyakata bakin ƙofa."

"Sauko mini da wancan ɗaurin bokiti."

Ya sauko da shi. Shuɗiyar igiyar leda ce a jiki.

"Ai igiya kowa yana da ita, yallabai."

"Haka ne. Wannan wandon jiya ne ko? Warware naɗin ƙafar."

Ya sunkuya. Yana warwarewa, fararen ƙwayoyi suka zubo suna tsalle a kan siminti. Saje ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

Mai Bokiti ya zube ƙasa. "Shagona ne ya yi mini kaɗan. Na ce in aka kore ta sai in fasa bangon in haɗe da nata. Wallahi ban yi nufin kowa ya ci ba!"

"Da jaririn wani ya haɗiye fa?" in ji Sufeto. "Saje, ankwa."

Aka saka shi a mota, kai a sunkuye.

Inna kuwa nan take ta ɗora ƙatuwar tukunya a ƙofar shago. Waɗanda suka yi mata ihu da safe su ne a gaban layi, kowa da kwanonsa, ana ta "Inna, ki yafe mana." Tana dariya tana zuba musu.

Sufeto ya ci faranti ɗaya ya yi hamdala. Ya waiga, sai ga Saje a kan na uku.

"Saje, mai laifi yana jiranmu a mota fa."

"Yanzu, yallabai. Binciken nake ƙara tabbatarwa."