Mai Riƙon Kujerar Yaya

Da shirin faɗa Auta ta hau benen kamfanin sabulun. Sallamar da ta yi ma, irin wadda ake yi da haƙora a datse ce.

Yayarta ce ta aiko ta. Yaya ita ke kula da shige da ficen kaya a siton kamfanin, ta tafi hutun haihuwa, ta sauka lafiya an sami 'ya mace. Wata uku albashi na shigowa cif, a na huɗu sai ga rabi. Jaririyar kuwa ba ta yarda da hannun kowa, mijin Yaya direban babbar mota ne kullum yana kan hanya, shi ya sa ma take zaune a gidan iyayensu. Don haka Auta na tashi daga makarantar da take koyar da ƙananan yara ta zarce can, da farin alli a hannun rigarta.

A teburin Yaya ta tarar da wani dogon saurayi. Ya takure ƙafafunsa, don kujerar daidai gajeriyar mace aka saita ta, shi kuma bai taɓa ba. Kofin shayin Yaya na nan inda ta bar shi, ƙaramar shukarta ta bakin taga an ba ta ruwa.

"Kai ne ka gaje kujerar?"

Ya ɗago. "Riƙo nake yi. Mai ita na nan da ranta."

"To rabin albashinta fa? Shi ma riƙonsa kake yi?"

Maimakon ya ji haushi sai ya yi dariya, ya jawo mata kujerar baƙi. "Ke ce ƙanwarta. Hancinku ɗaya. Zauna, Lauya, in gaya miki abin da na sani, don ni ma sai da na tambaya kafin in karɓi aikin."

Ya yi mata bayani a tsanake. A ƙa'idar kamfanin hutun haihuwa wata shida ne. Ukun farko ana biyan albashi cikakke, ukun baya rabi. Ba wanda ya ci mata ko sisi, shi nasa daban ake biyansa. Kuma babu mai ikon ba wani kujerarta don ta haihu, tana dawowa za a miƙa mata mukullin sito.

"Kai kuma fa?"

"Ni ranar da ta dawo, ranar zan ɗauki jakata."

Ya faɗa kamar mai ba da labarin yanayin gari. Auta ta duba takalminsa, tsoho ne amma ya sha gogewa. Ta ji kunyar hargowar da ta shigo da ita, ta rasa inda za ta ajiye ta.

Ya karɓi lambarta, wai ko wani abu ya taso game da Yaya. Abin da ya taso kuwa, tun kafin ta isa gida, shi ne wannan:

"Lauya, kin isa lafiya? Shukar Yaya ta ce in gaishe ki. Ni kuma na ce bari in raka gaisuwar."

Ta amsa: "Ɗan Riƙo, ka ce wa shukar ina amsawa. Mai rakiya ya jira a waje."

Bai jira a waje ba. Sati bai zagayo ba ya san lokacin tashinta, ya san sunan yaron da ke cizon 'yan ajinta, ya san ba ta son a ce mata ta rame. In ya tashi aiki sai ya biyo ta makarantar, su taka tare zuwa inda ake hawa mota, suna ƙyale motocin na wucewa kamar ba su gani ba. Wata rana ya rubuto:

"Sanyin idona, yau na ƙirga katan ɗin sabulu sau biyu ina samun lamba daban. Laifinki ne."

"Kar ka lalata wa Yayata sito. Amma na karɓi laifin, nawan."

Kalmar nan ta ƙarshe, ta fi minti goma tana kallonta kafin ta tura.

Umma ce ta fara ganewa, don ita ce ta ga Auta na wanke kwano ɗaya har sau uku tana murmushi. Yaya ta sha dariya har jaririyar ta saki nono. Baba ne bai yi dariya ba. Ya sa aka kira saurayin, ya zaunar da shi a falo, ya tambaye shi iyayensa da karatunsa, duk ya gamsu. Sai ya zo kan aiki.

"Na wucin gadi ne, Baba. Yaya na komawa ya ƙare."

Baba ya ajiye rediyonsa. Shi mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa yana tsayuwa bakin ƙofar masana'antu da safe, a ɗauki wasu a ce wa wasu su dawo gobe. Ya san yadda ake shigowa gida hannu wofi a tarar da yara sun zuba ido.

"Yaro, ban ga aibunka ba. Amma abin da uwarsu ta sha a hannuna ba zan miƙa 'yata ta sha ba. Ka sami aiki tsayayye, ka dawo. Kafin nan kar in ƙara ganin takalminka a ƙofata."

Auta ta yi kukanta a banɗaki, ta wanke fuska, ta fito ta ɗora abinci.

A kamfanin nan akwai kashiya, mutum mai ƙaramar mota da yawan turare, wanda tun ranar da Auta ta hau benen ya ƙyalla ido ya gan ta. Ya sha aiko da gaisuwa ta bakin Yaya, ba a taɓa mayar masa ba. Wani yammaci ya tare ta a ƙofar makaranta, ya sauke gilashi.

"Malama, ina taya ki murna. Mutuminki zai zama ma'aikacin dindindin."

Ta matso kusa da motar. "Da gaske?"

"Manaja ya ce masa kujerar sito tasa ce. Ta yayarki dai. Ai kin taimaka masa, ke kike kai masa labarin gida, jaririya ba ta yarda da kowa, uwar ba ta barci. Ke kin zaci hira kuke yi?" Ya gyara madubi. "Ni dai aikina ba na aro ba ne, in kin yi tunani."

Auta ta tsaya cak. Duk abin da ya lissafa, ita ta faɗa da bakinta, tana dariya, a hanyar hawa mota. Ba ta tambayi kowa ba. Ta rubuta wa saurayin:

"Na ji labari. Allah ya sanya alheri a kujerar. Kar ka sake nemana."

Ta toshe lambarsa. Ta kuma kasa gaya wa Yaya, don ba ta san ta inda za ta fara cewa ita ta buɗe ƙofar ba. Ya zo makaranta, ta fita ta ƙofar baya. Ya kira wayar Yaya, ita kuwa wayarta tun da jaririya ta jefa ta cikin baho ba a gyara ba.

Wata ranar Laraba da la'asar, Auta na ninke kayan jaririya a falo, Baba na jin labarai, aka yi sallama. Muryar ta sa rigar hannunta ta faɗi.

Baba ya leƙa. "Ba na ce maka..."

"Ka ce, Baba, ka yi haƙuri. Ba wajen Auta na zo ba. Wajen Yaya na zo, maganar aiki ce, kuma ba za ta kai gobe ba."

Yana haki, rigarsa ta jiƙe da gumi. Yaya ta fito da jaririya a kafaɗa. Bai ko zauna ba.

"Yaya, kin sanar da ofis ranar da za ki koma?"

"Sanarwar me? Ai sun san ranar. Hutu ya ƙare in saɓi jakata in tafi."

"Ba haka ba ne. Sai kin sanar da su a rubuce saura wata ɗaya. Wadda ba ta sanar ba, ana ɗauka ta ajiye aiki da kanta, ba korarta aka yi ba, ba ta da bakin magana. Aikin ofis ne su tuna miki, Manaja ya ce kar kowa ya tuna miki. Yau ce ranar ƙarshe, ana rufe ofis shi ke nan."

Yaya ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Ni takardun hutun nan ina nishi na sa musu hannu, wa ya karanta?"

Ya miƙa mata wayarsa. "Shiga imel ɗinki ta nan. Layi biyu ya isa. Ki tura wa ofishin ma'aikata, ba Manaja shi kaɗai ba."

Umma ta karɓi jaririya, jaririya ta tsala ihu, ba wanda ya kula. Yaya ta manta kalmar sirrinta, ta gwada ranar aurenta, ta gwada sunan mijinta, sai a na uku ta shiga. Ta rubuta, ta tura. Ba a jima ba amsa ta shigo cewa an karɓa.

Duk wannan Baba na tsaye yana kallo. Sai ya kashe rediyon.

"Yaro. Da ba ta tura ba, wa za a ba kujerar?"

"Ni, Baba."

"Dindindin?"

"Dindindin."

"Kuma ka tuna sharaɗin da na gindaya maka."

"Ban manta ba. Na yi kwanaki ina juya shi, ba zan ɓoye maka ba." Ya sunkuyar da kai. "Amma ban ga yadda zan riƙa cin abinci a gidan nan ina haɗa ido da Yaya ba."

Ya yi sallama ya fita. Auta ba ta tsaya neman izini ba, ta bi shi da silifas ɗin Umma, ta cim masa a bakin titi.

"Kashiya ya ce min..."

"Na sani. Manaja ya yi min tayin, wannan gaskiya ne. Ban amsa ba. Da kin tambaye ni, Lauya. Ko a kotu ana jin ta bakin wanda ake tuhuma."

"Ka yafe min, nawan."

"Buɗe lambata tukuna, sai mu yi maganar yafiya."

Ta buɗe a nan tsaye, hawaye na ɗiga kan wayar, shi yana riƙe mata gefen mayafi kar iska ta ɗauke.

Baba dai bai sauko a ranar ba, ba halinsa ba ne. Yaya ta koma aiki, ta tarar da sitonta tsaf. Saurayin ya ɗauki jakarsa, Manaja ko hannu bai ba shi ba. Ya yi ta yawon neman aiki har takalmin ya buɗe baki, kafin ya sami wani riƙon a wani kamfanin magunguna, inda akawunsu ita ma ta tafi haihuwa. Yaya ta ce wannan ƙanin nata, muddin mata na haihuwa ba zai kwana da yunwa ba.

Wata Asabar Baba ya ce wa Auta ta kira shi. Ya zo ya zauna a bakin kujera, Auta da Umma da Yaya na laɓe bayan labule, ƙafafunsu duk a waje.

"Har yanzu na wucin gadi ne?"

"Har yanzu, Baba."

"Na tambayi Auta, makarantarsu na ba da hutun haihuwa da albashi, na sa ta karanta min ƙa'idar da bakinta, tunda na ga abin da rashin karatu ya so jawo mana. Kai fa? In matarka ta haihu, hutun kwana nawa za a ba ka?"

"Ma'aikacin dindindin ana ba shi sati biyu. Irina ba a ba shi ko yini."

Baba ya gyaɗa kai, ya jawo rediyonsa kan cinya. "To ka turo magabatanka. Daga ranar ɗaurin aure kana da aƙalla wata tara ka nemo inda za su ba ka. 'Yata ba za ta yi jego mijinta na ƙirga kwalaben wasu ba."

Labulen ya faɗo da sandarsa gaba ɗaya, don su uku ne suka jingina da shi.

Aka ɗaura aure ba da wani almubazzaranci ba, 'yan uwa da maƙwabta da malaman makarantar Auta, falon ya cika har tsakar gida. Mijin Yaya ya ajiye motarsa ya zo. Da za a tafi da amarya Umma ta kama hannunta da na ango ta haɗa a tafinta, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya buɗa musu ƙofar arziki mai ɗorewa, ya ba su 'ya'ya masu albarka, ya sa su ga jikokinsu. Kowa ya ce amin. Ta Baba ce ta fi ta kowa ƙarfi, ya kuma juya da sauri yana goge ido, wai hayaƙin mota ne.