Gyaɗar da Falalu Ya Jiƙa

Ran kasuwar Karaye, a kakar 1989, Falalu ya fara ganin Safara'u. Ya kawo gyaɗa daga Falgore, ita kuwa tana zaune bayan kwalaben man gyaɗa da daron ƙuli-ƙuli. Ya tsaya yana taya kwalba ɗaya har ya manta da buhunansa.

"Malam, saye za ka yi, ko gadi aka ba ka?"

"Gadin zan yi, in za a ɗauke ni."

Ta sunkuyar da kai tana dariya. Tun daga ranar babur ɗin wansa ya haddace hanyar gidansu a Unguwar Hajji.

Uwar Safara'u, wadda kowa ke kira Goggo Yelwa har da 'yar tata, mijinta ya rasu ya bar mata yarinya ɗaya da kaskon suya. Da kaskon nan ta yi suna. Duk gidan da za a yi biki a Karaye, manta ake nema. Takan ce mai a wurin suya ake samunsa: gyaɗa busasshiya ƙayau, wuta kaɗan-kaɗan, a murje, a sheƙe, a kai inji tun da ɗuminta.

Wata yamma a zaure Falalu ya ga yatsun Safara'u duk sun tsage.

"'Yar Goggo, me ya ci miki hannu haka?"

"Ɓarar gyaɗa mana, Na Falgore. Ga wani Alhaji zai aurar da 'ya'yansa, man cincin da dubulan duk mu aka ba."

"Ni zan kawo buhu, ɓararre, kyauta. Kada ki ƙara taɓa kwanso."

Falalu manomi ne, bai taɓa matsar mai ba. A gidansu in za a ɓare iri, ruwa ake yayyafa wa kwanson don kada ƙwaya ta fashe. Shi kuwa so yake surukarsa ta buɗe buhu ta ga ƙwaya zube-zube ba ko ɗaya fasasshiya. Ya yayyafa ruwa har da ƙari, ya ɓare, ya ɗinke bakin buhu nan take, buhun ya yi kwanaki a ɗaki kafin ya sami aron babur.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Zazzaɓi ya kwantar da Goggo, suya ta faɗa hannun Safara'u. Ta ji gyaɗar da sanyi-sanyi a tafinta, amma ta Falalu ce, wa zai zarge ta? Gyaɗar ta ƙi soyuwa, sai ta ƙara wuta. Waje ya ƙone, ciki ɗanye. Da aka niƙo, ta yi ta juyi da ruwan zafi har kafaɗunta suka sage, mai ya taso ɗan kaɗan, baƙi, da warin fumfuna. Tsoro ya sa ta gauraya shi da sauran na gida ta aika a haka.

Matan gidan biki suka dawo da galan-galan har tsakar gida, da cincin mai ɗaci a faranti, suka ce Goggo ta ɗanɗana. Kafin la'asar labari ya gama gari.

Muntaka mai injin niƙa, wanda ya daɗe yana son Safara'u tana kauce masa, shi ya ƙara wa wutar kara. Duk matar da ta kawo niƙa sai ya ce mata, "Wanda ya saba jiƙa gyaɗa don ta cika mudu, ko a kyauta hannunsa ba ya mantawa."

Falalu ya zo ya durƙusa ya faɗi gaskiya tsaf. Goggo ta saurare shi har ya gama.

"Na ji, yaro. Ban ce kai macuci ne ba. Amma ko don so ka jiƙa ko don cuta, sunana ne ya zube, kuma shi kaɗai gare ni. Tashi. Kada na ƙara ganin babur ɗinka a ƙofata."

Masu biki suka koma sayen mai a wani gida. Muntaka ya aiko neman aure, Safara'u ta ce ko shi ne autan maza ba ta so, shi kuma ya ce injinsa ya daina cin gyaɗarsu. Wannan rashin mutunci ne, ba wani suna gare shi ba. Uwa da 'ya suka koma daka a turmi, man da suke samu bai kai rabin na da ba. Safara'u ta rame, ba ta kuka a gaban Goggo, don ta san rabin laifin nata ne.

Wata Juma'a a shirin gaishe-gaishe na rediyo aka karanto: "Na Falgore yana gaida 'Yar Goggo a Karaye. Ya ce hanyar Rogo akwai inji, kuma akwai tsamiya a bakin hanya."

Ta gane. Daga nan duk ran suya takan kai bokitin gyaɗa gindin tsamiyar, ya ɗauka ya niƙo a Rogo Sabon Gari, ya dawo da shi a nannaɗe cikin bargo. Ba sa daɗewa suna magana.

"Kin gaji da ni?"

"Na gaji da komai, ban da kai."

Niƙan inji ba ya ɓuya ga mai sana'a. Goggo ta sani tun bokitin farko, ta yi shiru har damina ta wuce. Wata rana Falalu ya iso gindin tsamiya, sai ya tarar da ita zaune a madadin 'yarta. Ya kashe babur, ya durƙusa a ƙasa.

"Ba zan bari a fara yi da 'yata a gari ba," in ji ta. "Ka turo manyanka wurin Malam Abdulsalami, wan ubanta. Kada ka ɗauka na huce."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar Salla. Masu sayen man Goggo ba su dawo ba, har ta tsufa kwalba-kwalba take sayarwa a ƙofar gida. Man garar 'yarta kuwa ita ta soya da hannunta, ba ta bar kowa ya taɓa kaskon ba.

Da ango ya zo gaisuwa da abokansa, Safara'u na lulluɓe a gefe tana share hawaye, Goggo ta dube su duka biyun.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari," ta ce a hankali. "Ku biyun nan kun ci mini sana'a. To ku zauna lafiya, kada ta tafi a banza."

Suka ce amin, kansu a ƙasa.