Ranar da Sajan Ya Yaƙe Haƙora

Da ta fara ganinsa sosai, a kan kujera yake tsaye.

Firjin da ake ajiye alluran rigakafi a asibitin dabbobi ne ya daina sanyi, aka kira shi, shi mai gyaran firji. Ya yi sallama, ya ajiye jakar kayan aiki, ya tsuguna bayan firjin. Bai lura da abin da ke kan teburin awo ba sai da ya ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa. Ya waiga. Kare ne, baki a buɗe, harshe a waje. Mai Firji bai san lokacin da ya hau kujera ba, da sukundireba a hannu.

"Malam, firjin a ƙasa yake," in ji wata murya.

Doguwa ce, cikin farar rigar aiki da safar hannu. Ba ta yi dariya ba, amma ana ganin wahalar da take sha wajen riƙe ta.

"Likita, dariya yake min."

"Haki yake yi. Zafi yake ji, kamar allurar da ka zo ceta. Sauko."

"Ki fara riƙe shi."

"Ƙafarsa a karye take. Ko ya so ka, ba zai iya zuwa ba."

Ya sauko. Ya canza fis, ya ƙara gas, ya goge ƙurar bayan injin, duk da ido ɗaya a kan teburin. Da zai tafi ya rubuta mata lambarsa ko da firjin zai sake tsayawa. Firjin bai sake tsayawa ba. Saƙo dai ya fara shigowa.

"Likita, ya jikin firji?"

"Lafiya lau. Ka tambaya da safe."

"Injin tsoho ne. Yana son a riƙa leƙa shi."

"Injin ne ke so, ko mai gyaran?"

"Su biyun."

"To ka zo gobe. Na sa an kawo maka kujera mai ƙwari, jarumi."

Sunan ya bi shi. Bayan ɗan lokaci ya koma Jarumina, shi kuma ya ƙara wa nata gaɓa, ta zama Likitata. Yakan zo bayan an tashi aiki, ya zauna a benci mafi nisa da kejin karnuka, ita tana wanke kayan aiki tana yi masa karatu.

"Kare ba ya murmushi irin namu," ta ce. "Baki kaɗai ba zai gaya maka komai ba. Dubi ido, dubi kunne, dubi jela, dubi jikin gaba ɗaya. In jiki ya saki, babu matsala. In ya rufe baki ya sandare yana kallonka, to nan ne kujera take da amfani."

"In kuma ya nuna haƙora?"

"Ya danganta."

"Likitata, haƙori ba ya danganta. Haƙori haƙori ne."

A kan wannan magana, shi da mahaifinta ra'ayinsu ɗaya, sai dai bai sani ba tukuna.

Mahaifin nata Kyaftin ake ce masa, duk da bai taɓa shiga soja ba. Shugaban masu gadi ne a wani babban sito kafin ya yi ritaya. A can ne wani kare ya taɓa yaƙe wa sabon mai gadi haƙora, bayan 'yan watanni mai gadin ya ɓace da tayoyin mota. Daga ranar Kyaftin ya daina tambayar halin mutum a wajen mutane. Kare yake tambaya. In kare ya buɗe baki ya zaro harshe, murmushi ne, mutumin kirki ne. In ya nuna haƙora, a rufe ƙofa. Da haka ya zaɓi mai gyaran famfo, da ɗan haya, da mazan 'ya'yansa mata biyu. Aurarrakin suna zaune lafiya, abin da ya ƙara lalata shi ke nan.

Alƙalin na yanzu Sajan ne, tsohon kare ja mai kunne ɗaya a kwance. Ba ya shiga ɗaki. Ofishinsa yana gindin tankin ruwa a tsakar gida. Likita ce auta, ita kaɗai ta rage a gabansa.

Ranar da Mai Firji ya zo gaisuwa, ya sa sabon takalmi. Ya shigo a karkace, idonsa a ƙasa, ya durƙusa nesa da tankin.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Dakata tukuna. Sajan!"

Sajan ya taso. Ya sunsuni iska, ya ɗage leɓensa na sama, haƙoran gaba suka fito reras. Ya nufo baƙon yana karkaɗa ƙugu, ya yi atishawa.

Mai Firji ya ga haƙora. Motar Kyaftin ce mafi kusa. Ya hau bonet, murfin injinta.

Kyaftin ya dubi karen, ya dubi bonet ɗin da ya lotsa.

"To, ya yi magana," ya ce. "Yaro, sauka lafiya. Ka gaida gida."

Da yamma Likita ta same shi a falo.

"Baba, wannan ba fushi ba ne. Gaisuwa ce. Akwai karnukan da suke yin haka ga wanda suka yarda da shi. Ba ka ga yadda jikinsa..."

"Auta, na tura ki makaranta ki koyi allura. Ban tura ki ki zo ki fassara min karena ba."

"Baba, aikina ke nan."

"Ni kuma na fara kafin a haife ki. An rufe maganar."

Mama tana gefe tana ninke kaya.

Kafin sati ya zagayo, Kyaftin ya samo nasa ɗan takarar. Ɗan abokinsa ne, dillalin motoci, wanda turarensa ke riga shi shiga gida. Dillali ba ya tsoron kare. Ya tafi kai tsaye gindin tankin, ya tsaya a kan Sajan, ya bubbuga masa kai kamar yana gwada taya.

Sajan ya ja baki har kunne, ya zaro harshe, ya hau haki. Ya yi hamma, ya lashi hanci, ya kau da kai.

"Kun gani!" in ji Kyaftin. "Murmushi! Har da hamma, ya saki jiki da shi."

"Baba, dubi jelarsa."

"Jela ba ta murmushi, Auta."

Aka ce ta raka baƙo ƙofa. Ta raka shi. Ya tsayar da ita yana ba ta labarin wata mota mai buɗaɗɗen rufi, ita kuma ta yi abin da 'yar gidan mutunci take yi, ta buɗe haƙora ta bar su a buɗe. Daidai lokacin Mai Firji ya wuce a babur, da kwamfuresar firji ɗaure a baya. Ya gani. Bai tsaya ba.

Wayarta ta yi shiru kwana da kwanaki. Sai ga saƙo.

"Na gan ki a ƙofa. Allah ya sanya alheri."

"Me ka gani?"

"Murmushi. Har kunne."

"Duk karatun da na yi maka, baki ka tsaya kallo? Ina ƙafafuna suka fuskanta?"

Ya tuno abin da ya gani.

"Cikin gida."

"Hannuna fa?"

"Ɗaya a kan sakata. Ɗaya a hanci."

"To."

"Ki yafe min, Likitata. Kwana nawa ban ci abincin kirki ba."

"Kai da Baba ajinku ɗaya. Je ka ci abinci, Jarumina. Baba ya ce iyayen Dillali za su zo ƙarshen wata, ina bukatarka da ƙarfinka."

Washegari da safe Kyaftin ya fito falo ya tarar da akwati a bakin ƙofa, mayafin Mama a kai.

"Tafiya za ki yi?"

"Gidanmu zan koma."

"Subhanallahi! Me aka yi miki?"

"Ni ma ban sani ba, Malam. Zo mu tambayi alƙali."

Ta ɗauki kwanon abincin kare ta fita tsakar gida, ya biyo ta da takalmi ƙafa ɗaya. Sajan na hango ta ya taso. Leɓe ya ɗage, haƙoran gaba suka fito reras.

Wannan ba sabon abu ba ne. Shekara da shekaru Kyaftin yana ganin hakan ta taga, yana kuma tsokanarta da shi: karen nan ya san masu faɗa. Bai taɓa haɗa lissafin ba.

"Ka ce wanda ya yi wa haka ba ya zama a gidan nan," in ji Mama. "Ni kullum sai ya yi min. To ko dai ni da yaron nan duk mutanen banza ne, ko kuma kai ne ba ka iya karatun ba. Zaɓi ɗaya. Mai tasi yana hanya."

Kyaftin ya juya ya kalli karen. Jela tana sharar ƙasa. Ƙugu yana rawa. Idanu sun ƙanƙance, kunnen mai lafiya ya kwanta baya. Sajan ya yi atishawa, ya zauna a gaban Mama kamar ɗalibi.

"Ke ai abinci kike ba shi," in ji Kyaftin.

"Shi yaron me ya ba shi?"

Likita ce ta amsa daga bakin kicin. "Ladabi, Baba. Bai kalle shi ido cikin ido ba, bai kai masa hannu ba, ya shigo a karkace, ya durƙusa. Tsoro ne ya sa shi, amma a wajen kare wannan tarbiyya ce."

Kyaftin ya nemi ɗaya takalmin nasa, bai gan shi ba.

"Za a sake zama," ya ce. "Mayar da akwatin nan."

"Yana nan sai an yanke hukunci."

Aka sake zama ranar hutu. Wannan karon Kyaftin ya ajiye kujerarsa a bayan kare. Dillali ya shigo, turare a gaba. Daga inda Kyaftin yake ba a ganin baki. Jela kawai ake gani, ya kuwa ga ta shige tsakanin ƙafafu ta ɓace. Da Dillali ya miƙo hannu, Sajan ya zame ya shige bayan tanki, sai haki ake ji.

"Yau kunya yake ji, Baba," in ji Dillali.

"Haka ne. Ka gaida mahaifinka."

Saura Mai Firji. An fitar da mota waje, an kwashe bokitai, an jingine tsani a gidan maƙwabta. Tsakar gidan ba abin hawa ko ɗaya. Yana bakin ƙofa wayarsa ta yi ƙara.

"In ka gudu, ka gudu da aurena. Tsaya kawai. Ina kallonka ta taga."

Ya shiga. Ya tsaya a tsakiya, hannaye a gefe. Sajan ya leƙo daga bayan tanki, ya gane shi, ya ɗage leɓe. Ya taho.

Mai Firji ya runtse ido. Leɓensa yana motsi, duk addu'ar da ya sani ya karanta, har da ta shiga kasuwa. Amma ƙafafunsa ba su ɗaga ba. Ya ji atishawa. Ya ji wani nauyi ya sauka a kan sabon takalminsa.

"Buɗe idonka, yaro," in ji Kyaftin. "An gama."

Sajan yana kwance rigingine a kan ƙafarsa, ciki a sama.

"Ka turo manyanka. Kuma bonet ɗin nan, kai za ka gyara."

"Baba, ni firji nake gyarawa."

"Ka koya."

Mama ta ja akwatinta ta mayar ɗaki. Babu komai a ciki, da yatsa biyu ta ɗauke shi.

Da la'asar Likita ta kawo wa mahaifinta shayi a tsakar gida. Ya karɓa bai sha ba.

"Auta. Ni bai taɓa yi min haƙoran nan ba."

"Haka ne."

"Wanda yake yi min, baki buɗe, harshe waje. Shekarun nan duka na ɗauka..."

"Baba, da tsakar rana kake fita da shi yawo. Haki ne, zafi yake ji."

Kyaftin ya juya kofin a hannunsa.

"Dubi ƙafarka," ta ce.

Sajan ya jingina da ƙaurinsa, haɓa a kan takalmi, ido a rufe, yana minshari a hankali.

"Mu gaishe mu yake yi. Kai a jikinka yake barci. Ba ya yi wa kowa haka."

Kyaftin ya daɗe yana kallon karen.

"Ƙafar ta sage tun ɗazu," ya ce. Bai janye ta ba.

An ɗaura aure bayan 'yan watanni. Bonet ɗin bai koma daidai ba, amma Kyaftin ya karɓa. Sajan ya halarta daga gindin tankinsa, an ɗaura masa sabon ƙulli a wuya, ya yaƙe wa ango haƙora, ango ya amsa daga nesa kaɗan.

Da aka zo ɗaukar hoto, mai hoto ya ce a yi murmushi. Ango ya buɗe haƙoransa duka. Kyaftin ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya fita daga layi, ya zagaya bayan angon, ya duba kafaɗa, ya duba hannu, ya sunkuya ya duba ƙafafu. Su biyun amarya suke fuskanta. Nata ƙafafun ma shi suke fuskanta.

Ya miƙe, ya gyara hula, ya koma kusa da Mama.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Ɗauka."