Ramar Kalilu

"Ajiye kwanon nan, Haulatu!"

Na tsaya cak a tsakar gida, tuwon yana ƙona mini tafin hannu. Inna Rabi, surukata, tana bakin ƙofar sashenmu, ko sallama ba ta yi ba.

"Inna, abincin Abban Fadila ne..."

"Na sani. Daga yau kada Auta ya ƙara cin girkinki!"

Auta take kiran mijina Kalilu, don shi ne ɗanta na ƙarshe. Yana kwance a kan tabarma a gindin dalbejiya, ya ji komai, amma ko ɗaga kai bai yi ba.

"Me na yi, Inna?"

"Ni kike tambaya? Da idona na gan ki jiya kina tsiyaya baƙin ruwa a kununsa!"

"Rubutu ne, Inna! Babana ne ya aiko daga Zango, na neman lafiya..."

"Shi ne aka ɓoye mini? Dube shi! Mutumin da ke danne bijimi shi kaɗai a kasuwar shanu, yau buta ma sai an ɗauko masa."

Na dube shi, idona ya ciko. Gaskiya ta faɗa.

Kalilu falken shanu ne. A kasuwar Mai'aduwa yake saye, ya yi lodi zuwa kudu. Rago ya zo saye gidanmu ranar da ya fara ganina, daga nan ya yi ta dawowa, har Baba ya ce masa ragunan sun ƙare, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Mun yi aure muna son juna, Allah ya ba mu Fadila.

Bayan ƙaramar salla ya fara ramewa. Yana ci kamar ba gobe, amma wandunansa sai zamewa suke. Ruwa kuwa ko randa aka ba shi zai shanye, fitsari ba dare ba rana. Gajiya ta hana shi zuwa kasuwa. Daga baya sai ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo, ba tare da ya ce mini komai ba.

Wannan ne ya fi ci mini rai. Kuma yayata Murjanatu ta zuba mini wani abu a zuciya ta waya.

"Haulatu, buɗe idonki. Mutum yana zuwa kudu ya yi makonni, ya dawo yana ramewa, yana gudun shimfiɗarki? Ki je a auna jininki. Ƙanjamau ba ya sallama!"

Na kashe wayar ina kuka. Amma daga ranar duk kiran da ya shigo masa sai na kasa kunne. Har aljihun rigunansa na lalube, ban san ma abin da nake nema ba.

Washegarin rigimata da Inna, da hantsi, na same shi a falo na turo ƙofa.

"Abban Fadila, tambayarka zan yi, ka ji tsoron Allah ka faɗa mini gaskiya. Akwai abin da ka kwaso a kudu?"

Ya ɗago ya kalle ni.

"Har ke, Haulatu?"

"To me ya raba ka da ɗakina?"

"Tsoro!" Muryarsa ta karye. "Wallahi ban taɓa sanin wata mace ba sai ke. Amma ina aski a bakin tasha, ina yankan farce a ko'ina... Na ce idan wani abu ne, kada in shafa miki. Ga Fadila tana shan nono."

Zuciyata ta fara sanyi, sai ya ƙara da cewa:

"Ni ma in tambaye ki. Abin da Inna ta ce kina zuba mini... rubutu ne kawai?"

Kamar ya watsa mini ruwan zafi.

"Ni kake zargi? Ni?"

"Ke ma yanzu kika gama zargina."

Muka tsaya kowa na kallon ɗan'uwansa kamar baƙo.

"Mu je asibiti, masoyina. A auna mu mu biyu."

"Idan aka ce shi ne fa? Da wane ido zan kalli mutanen Daura?"

Ya juya mini baya.

Inna ta karɓi girkin abincinsa. Burinta ta mayar masa da jiki. Fura da sukari har cokali na tsayawa, zuma da safe, lemon kwalba da rana. Ni dai ina daga taga ina kallo. Yana sha, yana ƙara zubewa. Har ya fara cewa yana ganin hazo-hazo.

Wata Laraba bayan Azahar ya fara amai. Numfashinsa ya canja, ina kiran sunansa yana amsawa kamar mai magagi. Na zari mayafi na fita titi na tare napep.

Inna ta tare ƙofa.

"Ina za ki kai shi? Na aika a kira mai magani!"

"Asibiti, Inna."

"Idan kika fita da shi, kada ki dawo mini gida!"

Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa musa mata ba. Na durƙusa a gabanta.

"Ki yafe mini, Inna. Idan ya tashi, ki kore ni."

Mai napep ya kama mini shi muka fita.

A asibiti suka sa masa ƙarin ruwa, suka ɗebi jini. Na ce a ɗebi nawa ni ma, a auna komai. Da ya farfaɗo washegari likitar ta zo, wata doguwar mata mai suna Ummukulsum.

"Ku kwantar da hankalinku. Abin da kuke tsoro babu shi, ku duka biyun. Ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Da an ƙara jinkiri da labarin ya canja."

"Suga?" in ji Kalilu. "Likita, ai ciwon masu ƙiba ne, ciwon tsofaffi."

"Yana kama matasa, kuma yana ramarwa. Jikinka ya kasa amfani da abincin da kake ci, shi ya sa yake cin kansa. Ƙishirwar, fitsarin, gajiyar, duk shi ne."

"Yana warkewa?" na tambaya.

"Ana zaune da shi lafiya, idan an kula."

Da ta fita ya kama hannuna ya ɗora a fuskarsa. Hawaye ne ke bin yatsuna.

"Ki yafe mini, hasken idona."

"Ni ma ka yafe mini. Har aljihunka na bincika."

Ya yi dariya, karo na farko cikin watanni.

Da aka sallame mu na dawo gidan ina ɗar-ɗar. Inna ba ta kore ni ba, amma ko gaisuwata ba ta amsawa.

Muka shiga sabuwar rayuwa, girkinsa ya dawo hannuna. Na koyi huda masa yatsa in ɗiga jini a ɗan abin gwaji. Shi ya koyi yi wa kansa allurar insulin. Da yake wuta ba ta zama, sai in sa kwalbar a leda in ajiye a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Tuwo ɗan daidai, miya mai yawa, kwaɗon zogale, wake. Abinci a kan lokaci. Dabino a aljihu, saboda ranar da sugan zai faɗi ya ji jiri. Da yamma ya taka zuwa bakin kasuwa ya dawo. Kumatunsa suka fara cikowa.

Sai kuma abu ya sake rikicewa. Da safe gwaji lafiya lau, da yamma sai lamba ta yi sama. Na duba girkina, na duba allurar, ban ga kuskure ba. Zargi ya dawo mini sabo. Na lura duk bayan La'asar sai ya shiga gaida Inna, ya daɗe, ya fito yana goge baki.

Na tare shi a soro.

"Me kake sha a ɗakin Inna?"

"Ba komai..."

"Kalle ni ka faɗa."

Ya sunkuyar da kai. "Fura ce. Da zuma. Ta ce yunwa kike hora ni da ita, wai ke da likitar bakinku ɗaya. Idan na ƙi sai ta yi kuka. Uwata ce, Haulatu! Ya zan yi?"

"Ni kuma ya zan yi idan na rasa ka? Me zan ce wa Fadila?"



Washegari da La'asar na bi bayansa. Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa. Inna ta riga ta miƙa masa ƙwarya.

"Wa ya kira ki?"

Kafin in buɗe baki Kalilu ya ajiye ƙwaryar a hankali, ya matsa ya dafa ƙafafunta.

"Inna, ban taɓa mayar miki da abin hannunki ba. Yau zan mayar. Wannan ne yake kwantar da ni, ba girkin Haulatu ba. Ita ta ɗauke ni ranar da na kusa tafiya. Idan kina son ki ga na yi tsawon rai, ki bar ta ta kula da ni."

Na jira faɗa. Sai na ga ta ƙura wa ƙwaryar ido.

"Zumar ce?" ta tambaya da wata irin murya. "Zumar tana ƙara shi?"

"Tana ƙarawa, Inna," na ce.

Ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Haka mahaifinsa ya yi... Auta yana goye. Ya rame, ya yi ta shan ruwa, ƙafarsa ta yi gyambon da ya ƙi warkewa. Kowa ya ce sammu ne. Na yi ta ɗura masa zuma don ya yi ƙarfi, har ya cika a hannuna. Da na ga Auta ya ɗauko hanyar, sai na ce masu abin ne suka dawo..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ban san lokacin da na rarrafa na rungume ta ba.

"Ba ki sani ba, Inna. A lokacin ba wanda ya sani. Kwanansa ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa."

"Na zalunce ki, 'yar nan."

"Son ɗanki ne. Ni ma shi nake so."

Kalilu ya yi gyaran murya, yana share ido da hannun riga. "To ni da ake so, ba wanda zai rungume ni?"

"Tafi can, marar kunya!" in ji Inna, tana dariya cikin hawaye.

Ta daɗe riƙe da hannuna. Can ta ce:

"Yaushe za ku koma wurin likitar?"

"Ranar Litinin, Inna."

"Ku tashe ni da wuri, da ni za a je. Ina so in ji komai da kunnena. Kuma a kira yayyensa duka, kowa ya je a auna shi. Ba zan ƙara binne kowa a kan rashin sani ba."