Ya Kwance Igiya A Bakin Gari

"Wa ya saya miki motar nan, Ruma?"

Rumasa'u tana saman rufin ɗaki da tsumma a hannu, tana goge pano ɗin da ke tara mata hasken rana, tambayar ta faɗo mata a kunne. Ta leƙo ƙasa. Hashimu ne, saurayinta tun suna 'yan makaranta a lakwal, tsaye a tsakar gida ko sallama bai ƙarasa ba. Ya tsaya nesa da 'yar farar motar da wayar kuran, wato lantarki, ke manne a gefenta, kamar wanda aka ce masa za ta cije shi.

"Me ka ce, Yaya Hashimu?"

"Kin ji ni."

Ta sauko daga tsani a hankali.

"Kai ne ka raka ni kasuwar dabbobi ranar da na sayar da shanun da Baba ya bar mini. Kai ka share mini hawaye da hannun rigarka. Yau kuma kai ke tambayata?"

Ya zaro waya daga aljihu ya miƙa mata. Hotonta ne a Damagaram, wani dattijo mai babbar riga yana miƙa mata lakile, wato makullin mota, ita kuma tana dariya har da rufe baki.

"Wannan ai Alhaji Mamadu ne, dillalin da ya kawo ta! Wa ya ba ka hoton nan?"

"Balkisu ce ta kai wa Inna."

Balkisu! 'Yar ƙanen mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana yi wa Hashimu kallon nawa ne.

"Inna ta ce ba budurwar da ke mallakar mota da guminta a Gure. Ta ce macen da ke hawan rufin ɗaki gari na kallonta ba ta zauna mata a gida ba..."

"Ba abin da Inna ta ce nake tambaya ba. Kai me ka ce?"

Ya kafa ido a ƙasa.

"Hashimu... masoyina... dube ni mana!"

Bai dube ta ba. Ya karɓi wayarsa, ya juya, ya fita.

Ya Kaka, kakarta da suke zaune su biyu rak a gidan, ta ɗaga labulen ɗakinta ta ce, "Shigo daga rana, 'yar nan. Wanda ya tafi da ƙafarsa ba a kiran shi da kuka."

Rumasa'u ta yi karatun aikin lantarki a Damagaram. Aikinta gyaran injunan foraj masu jan ruwa da hasken rana, daga ƙauyukan Kelle har na Bune. Da can a kan kabu-kabu take zuwa, ta dawo ƙugunta kamar an yi mata duka. Da mahaifinta ya rasu sai ta yi shahada, ta jera pano a rufin gida, ta ajiye manyan batura a ɗakin da yake kwana, ta sayi motar da ba ta shan sanse, wato fetur. Rana ta cika batura, batura su shayar da mota. Ita ce irinta ta farko da unguwarsu ta taɓa gani.

Matsalar ita ce, gidan su Hashimu da sanse suke ci. Mahaifinsa, Alhaji Illa, shi ne mai rumfar ganguna a bakin tasha. Duk ranar da motar Rumasa'u ta sulale ta gaban rumfar ba ta tsaya ba, sai 'yan zaman benci su ce, "Alhaji, ga surukarka can ta wuce, ko lita ɗaya ba ta saya!" Dariya ce a bakinsu, amma a gidan Alhaji ba a ɗauke ta dariya ba. Hajiya Habsu, mahaifiyar Hashimu, ta daɗe tana neman dalilin raba su. Balkisu ta kawo mata shi a cikin waya.

Bazara ta wuce, Hashimu bai dawo ba.

Ƙawayenta suka fara janyewa. Wadda ta saba cewa a rage mata hanya zuwa kasuwa, yanzu in ta hango motar sai ta shige lungu. A gidan biki ana matsa mata wuri, amma ba a jan ta da hira. Ta koma daga aiki sai gida. Takan zauna a ɗakin batura da la'asar, tana kallon 'yar koriyar fitilar da ke ƙyaftawa, wayarta a cinya. In ta yi ƙara gabanta ya faɗi, ta duba, sai ta ga wani mai gari ne injin ruwansu ya tsaya.

Sau da yawa ta rubuta masa, "Ina kwana, rabin raina," ta goge.

Damina ta kankama. Aka yi kwanaki hadari ya rufe sama, rana ba ta leƙo ba sai kamar mai jin kunya. Batura suka yi ƙasa. A wannan safiyar aka kira ta daga wani ƙauye a bayan Kelle: foraj ya mutu, mata sun koma ɗiban ruwan tabki, yara sun fara gudawa.

"Motar ba ta ƙoshi ba," in ji Ya Kaka, don ita ma ta iya karanta fitilar. "Ki bari rana ta fito."

"Yaran ba za su jira rana ba, Ya Kaka. Za ta kai ni ta dawo da ni, in Allah ya yarda."

Motar ta kai ta. Ta gyara injin, ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa. A hanyar dawowa ta tarar ruwa ya cika ƙorama, dole ta yi dogon zagaye cikin jiƙaƙƙen rairayi. Tana kallon alamar batir tana sauka, tana ja mata addu'a. Da azahar, tsakanin tuddai, motar ta yi sanyi, ta ja jiki kaɗan, ta tsaya.

Ba gida, ba mutum, wayar ma ba ta kamawa. Sai itatuwan ƙirya da aduwa, sai wasu raƙuma can nesa.

Ta kifa kanta a kan sitiyari. Kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ƙwace mata.

Ƙarar inji ce ta sa ta ɗago. Wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, ɗauke da ganguna, ta tsaya a gefenta. Ta san motar. Ta san mai tuƙa ta fiye da yadda ta san tafin hannunta.

"Ruma?!"

Ya rame. Ta lura da haka kafin ta tuna fushi take yi da shi.

"Lafiya? Me ya same ki? Wani abu ya taɓa ki?"

"Kuran ya ƙare."

Hashimu ya waiwaya ya dubi gangunan da ya dawo da su daga kasuwar Kelle, wasu cike maƙil. Ya dubi motarta. Sai dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ke kusa da kuka.

"Kin ga ikon Allah. Ga sanse har ya yi mini yawa, amma ko cokali ɗaya ba zai amfane ki ba."

Ita ma ta yi murmushi ba da sonta ba, ta goge ido da bakin mayafi.

Ya durƙusa a gefen ƙofarta.

"Ruma, na cuce ki. Alhaji Mamadu ya biyo ta Gure, ya tsaya shan sanse a rumfarmu. Da bakinsa ya ba Baba labarin yarinyar da ta sayar da gadonta ta sayi mota, yana ta sa miki albarka. Ina tsaye a wurin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige."

"Yaushe?"

"Kafin ruwan farko..."

"Kafin ruwan farko! Kuma ba ka zo ba?"

"Da wane ido zan dube ki? Wallahi ban taɓa kwana ban yi tunaninki ba. Ke ce hasken idona, Ruma. Ban iya son wata ba, na gwada, na kasa."

Zuciyarta ta narke kamar man shanu a rana. Duk kalaman da ta tanada don ranar da za su haɗu suka gudu.

"Ka kai ni gida, Yaya Hashimu," ta ce a hankali. "Na gaji."

Ya ɗauko igiya mai kauri ya ɗaura motarta a bayan tasa. Suka kama hanya sannu a hankali, shi a gaba, ita a baya tana riƙe da sitiyari. Lokaci lokaci yakan miƙo hannu ta taga ya ɗaga mata, ita ma ta ɗaga masa. Ta tsinci kanta tana tsara abin da za ta faɗa wa Ya Kaka. Har launin atamfar da za ta ɗaura ranar ɗaurin aure ta zaɓa a ranta.

Rufin gidajen Gure suka bayyana. Ranar kasuwa ce, ana jin hayaniya daga nesa.

Sai ya tsaya.

Ya fito, ya zagayo, ya sunkuya yana kwance igiyar.

"Me ya faru? Ta tsinke ne?"

"A'a..." Bai ɗago ba. "Kin san hanyar ta gaban rumfarmu za ta bi. Baba yana nan, mutane cike. Kuma... an riga an kai goron tambaya gidan su Balkisu. Inna ce ta matsa. Ki ba ni lokaci, Ruma, zan warware komai a hankali. In aka gan mu tare yau, komai ya lalace. Ki jira nan, in na isa zan turo miki wani."

Ta daɗe tana kallon hannuwansa suna naɗe igiyar.

"Ka san ƙarya aka yi mini."

"Na sani."

"Babanka ma ya sani."

"Ya sani, amma Inna..."

"A daji ni ce hasken idonka. A bakin gari kuma na zama abin ɓoyewa."

"Haba masoyiyata, ba haka ba ne!"

"Je ka, Hashimu. Na gode da ja."

Ya gama naɗe igiyar. Ya jefa ta cikin ganguna, ya tada mota, ya tafi.

Ba ta jira wanda zai turo ba. Wani mai sharet, wato amalanke, ana ce masa Ɗan Talata, yana dawowa daga gona da shanunsa biyu, ta tsayar da shi.

"Baba, za ka ja mini motar nan zuwa gida?"

Dattijon ya dafe haɓa. "Ta bayan gari za mu bi ko, 'yata? Yau kasuwa."

"Ta tsakiyar gari."

Haka aka yi. Shanu a gaba, motar hasken rana a baya, Rumasa'u zaune a ciki ta miƙe wuya. Kasuwa ta ɗauki sowa. "Yau mota ta koma cin ciyawa!" "Madam, a kawo mata dusa?" Masu kabu-kabu suna busa oda, mata suna leƙowa daga rumfuna. Kunya ta lulluɓe ta har tana jin zafi a kunnuwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Da suka zo gaban rumfar sanse, 'yan benci suka miƙe suna tafi. Alhaji Illa kaɗai bai yi dariya ba. Hashimu yana tsaye da mazurari a hannu. Idonsu ya haɗu. Ta rage masa wannan damar ta ƙarshe, ta riƙe numfashi, ko zai ajiye mazurarin ya tako.

Ya sunkuya ya ci gaba da ɗura kwalba.

Washegari da la'asar ya zo. Ba ta ce ya shigo ba, a zaure ta same shi.

"Ruma, ki yafe mini. Jiya ban yi barci ba. Ki ƙara mini haƙuri kaɗan, zan shawo kan Inna..."

"Na yafe maka, har ga Allah. Kuma ina son ka, ba zan yi maka ƙarya ba, wataƙila in daɗe ina son ka. Amma ba zan ƙare rayuwata a bakin gari ina jiran mutane su kau da ido ba. Ka riƙe Balkisu da amana. Ita ko ba komai, a gaban kowa ta so ka."

"Ruma!"

Ta shige gida ta sakaya ƙofa. Ta jingina da ita tana jin tsayuwarsa a waje, har takunsa ya yi nisa.

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura auren Hashimu da Balkisu. Tun da hantsi kiɗa ke shigowa ta saman katanga. Rumasa'u ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta wanke kwanonin da ba su yi datti ba. Ya Kaka tana kallonta daga kan tabarma. Can tsohuwar ta miƙe, ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta.

"Tashi ki kai ni kwari, wajen dabinai. Ina marmarin ganin ƙanwata Yakura."

"Yau, Ya Kaka?"

"Yau. Ko motar ba ta ƙoshi ba?"

"Ta ƙoshi."

Suka fita ta gabas. Kiɗan ya yi ta raguwa a bayansu har ya ɓace. Hawaye na zuba a fuskar Rumasa'u, ba ta share ba, tsohuwar kuma ba ta hana ta ba. Sai da suka hango kawunan dabinai a ƙasan tudu ta buɗe baki.

"Ya Kaka... zai wuce kuwa?"

Tsohuwar ta ɗora busasshen hannunta a kan gwiwar jikarta.

"Ba ya wucewa duka, 'yar nan. Nauyinsa ne ke raguwa, har ki iya ɗauka ki yi tafiya da shi. Dubi gabanki, akwai rami."