Ƙwan Zabin Gindin Gawo

Tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba, a wani ƙauye gabas da Birnin Lalle, akwai wata mata ana ce mata Halimatu. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗiya ɗaya, Safi, da 'yan kaji, cikinsu har da wata jar kaza mai kyawun kwanci. Ba ta roƙon kowa, kuma ba a taɓa cutarta a ciniki ba.

Da damina Safi ta tsinci sheƙar zabin daji a gindin wani gawo. Kowa ya san da ludayi ake ɗibar irin wannan ƙwai, a bar guda. Ita da hannu ta kwashe duka. Halimatu ta saka wa jar kaza, ta kwanta a kai har ta ƙyanƙyashe.

Yammacin ranar, ana ba 'yan zabin gara, gari ya yi tsit. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Sai dutse ya faɗo tsakar gida ya fasa randa. Na biyu ya sami Halimatu a goshi, jini ya rufe mata ido. Ta leƙa bayan darni, babu kowa.

Haka ya zama duk almuru. Zakara aka samu an murɗe masa wuya, an rataye shi a bakin rumbu. Sauran kajin suka bi ɗaya bayan ɗaya. Jar kaza da 'yan zabi kaɗai ba a taɓa ba. Daga nan abin ya koma kan Safi. Ta shiga buga kanta a turmi, ta ciji uwarta har nama ya fita, maza suka taru suka kasa danne ta.

Aka ɗauko Malam Na'Allah daga Kornaka. Ya zauna ya yi ta karatu yana tofawa, har yarinyar ta buɗe baki da muryar tsohuwa.

"Zabina ne. Ni ke kiwonsu tun ba a gina rijiyar garin ga ba."

"Mi kike so ki hita?" in ji Malam.

"A maido mini su."

Halimatu ta gyara ɗaurin zane. "Kazata ta kwanta har ta rame. Garar da suka ci, ni na tono ta. Rabi da rabi."

Safi ta ɗaga hannun hagu, ta kama ƙaramin yatsanta, ta lanƙwasa shi baya a hankali. Ƙas! Har waje an ji.

"Halimatu!" Malam ya daka mata tsawa. "Nan ba kasuwa ba ce!"

"Yanzu har da kazar," in ji muryar. "Su ba su san wata uwa ba."

Halimatu ta dubi yatsan yana reto. Amma sai da ta ce, "Ɗauki duka. Kazar aro ce, in sun girma ki sako ta. Kuma ki rantse gaban Malam ba ki ƙara taɓa ɗiyata."

Muryar ta yi dariya, ta rantse. Safi ta yi atishawa ta zube.

Kafin duhu ya rufa, Halimatu da kanta ta ɗora kwando a ka, ta kai kazar da 'yan zabin gindin gawo, ta juyo ba ta waiwaya ba. Jifa ta tsaya. Yatsan kuwa a karkace ya warke.

Da kaka, wata magariba, sai ga jar kaza a ƙofar gida, ta yi ƙiba, ita kaɗai. Ba ta kuka, ba ta tono, Safi kawai take kallo.

"Inna," in ji Safi, ta ɓoye hannunta cikin zane, "kar ki bari ta shigo."

Halimatu ta daɗe tsaye. Kazar nan ita ce duk abin da ya rage mata, kuma da bakinta ta ƙwato ta. Sai ta sunkuya ta ɗauki dutsen da ya fasa mata goshi, wanda ke nan jikin darni tun damina, ta jefi kazar, ta bi ta da jifa har bakin daji.