Kurkur da Zuma a Dasashin Umma

"Idan kika faɗa masa, ban yafe miki ba."

Haka Umma ta ce da ni a bakin famfo, tana tofar da ruwan kuskure baki da ya fito jawur. Na tsaya riƙe da tawul. Ni dama matsoraciya ce ta ƙarshe, ko ƙadangare ya gifta sai na yi salati, balle jini a bakin uwata.

Wanda take nufi shi ne saurayina, likitan haƙori, da ya rage wata biyu a ɗaura mana aure. Shekara huɗu Umma na fama da ciwon suga, daga ni sai ita muka sani. Tsoronta kada danginsa su ji, su ce ciwon gado ne, su janye ɗansu. Har karɓar magani ta daina, saboda ƙanwarsa tana aiki a asibitin da ake ba ta maganin.

Da dasashinta ya fara kumbura, sai na ga a waya wai akwai wani sinadari a cikin kurkur da ke rage kumburin dasashin masu suga. Ban ma karanta zuwa ƙarshe ba, na ruga kicin na kwaɓa. Umma ta ce da ɗaci. Ni kuma, sarkin dabara, na zuba zuma, ai zuma magani ce. Safe da yamma tana shafawa, tana lashe cokalin, daga baya ma ta koma sha.

Mako uku muka yi a haka. Haƙoranta suka rine, ɗaya na ƙasa ya fara girgiɗi, ga ƙishirwa kamar ta shanye randa. Kullum sai na leƙa ɗakinta in ga ko tana numfashi. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba.

Ranar Asabar da la'asar Dokta ya zo, rataye da 'yar baƙar jakarsa da ba ya yarda kowa ya buɗe. Na kawo masa shayi ba suga, yadda yake sha kullum, amma na kasa tsokanarsa da tsoron zaƙi kamar yadda na saba. Umma ta fito, hannunta a kan baki. Tana cikin amsa gaisuwarsa maganarta ta fara harɗewa, ta sulale a kan kujera, idanunta na lumshewa.

Na dubi Umma, na dube shi. In na yi magana, na karya alkawarin uwata, wataƙila na rasa shi. In na yi shiru…

"Suga gare ta," na ce, ina kuka. "Ta daina shan magani. Ni na ba ta zuma… ni ce!"

Bai yi mini faɗa ba. Ya durƙusa, ya zuge jakar nan, ya fito da na'urar awon suga da sabuwar allura, ya ɗan soki yatsarta. Da ya ga lambar, fuskarsa ta canja. Ya ce in ɗauko mayafinta, mu tafi yanzu.

A barandar asibiti, bayan an sa mata ruwa, ya yi mini bayani a hankali. Ya ce sinadarin kurkur ɗin kan taimaka wa dasashi bayan likita ya wanke haƙora, amma ba ya maye gurbin maganin suga, kuma ba da zuma ba. Ina jin sa, amma hankalina na kan abu ɗaya.

"Dokta, za ka fasa?"

"Masoyiyata, ba ki tambaye ni me likitan haƙori yake yi da na'urar awon suga a jakarsa ba."

Na ɗago kai.

"Tawa ce. Tun ina shekara goma sha shida. Kullum in na zo da niyyar faɗa miki, sai in tuna Umma, in ce wace uwa ce za ta ba mai ciwo 'yarta ɗaya tilo."

Da Umma ta farfaɗo, ta ga inda take, ta watsa mini harara. Kafin ta yi magana, ya ajiye na'urar a kan gadonta, ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa.

Ta dubi na'urar, ta dube shi. Can ta ce, "Wato duk kurkur ɗin nan da na sha, mai irin ciwona nake ɓoye wa?"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatunta. Ta kamo hannuna ta matse, ta ce ta yafe. Sannan ta sauke ɗayan hannun daga bakinta, karo na farko a gabansa.

"Zo ka duba mini haƙorin nan, ɗana. Ina so ya kai ranar aurenku."